Wane Kare Zai Tsare Mini Baba Ina Wurin Aiki?

Tanti Ilham, ina gaisuwa, kuma don Allah ki taimake ni. Na yi wa mutane da yawa tambaya guda ɗaya, amma kowa sai ya ba ni amsar abin da ban tambaya ba. Kare nake so in ajiye. Wane irin kare ne zai iya zama a gidan da mai shi take fita da asuba, ba ta dawowa sai magariba? Tambayar ke nan. Tun yanzu nake gaya miki, in ke ma za ki ce in yi aure, ko in bar aiki, ko in sayar da gida, to ki ajiye takardar nan ki ɗauki ta wani. Na ji waɗannan har kunnuwana sun gaji.

Ni ungozoma ce, ina aiki a wata ƙaramar likita, wato ɗan asibiti, cikin wani ƙauye a yankin Garagumsa. Gidanmu kuwa yana nan Damagaram, bayan Zango. Kullum a kan moto, wato babur, nake zuwa in dawo. Haihuwa ba ta duba agogo, don haka wata rana ina shirin tashi za a shigo da mace a amalanke, sai na ga abin da Allah ya yi da ita kafin in kama hanya. Shekaruna sun doshi arba'in, ban taɓa yin aure ba, kuma ba don an rasa masu nema ba. Mu Kirista ne. Mu biyu ne a gidan, ni da mahaifina, bari in kira shi Baba Ishaya. Tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, rabin manyan unguwar nan shi ya koya musu karatu. Yanzu idonsa ya tafi, inuwar mutum kawai yake gani. Amma a gidan nan ba ya bukatar jagora. Shi da mahaifiyata suka gina shi ɗaki bayan ɗaki, ya san inda randa take, ya san inda dakali ya ɗan tsage, ya san bishiyar lemun tsamin da ta shuka kafin ta rasu.

Watan da ya wuce, da rana tsaka, wasu maza biyu suka buga ƙofa. Suka gaya masa ni na aiko su su gyara batirin pano, na wutar hasken rana. Har sunana suka faɗa, da inda nake aiki. Baba mutum ne da bai taɓa barin baƙo a tsaye a waje ba, ya buɗe musu, har ya ce su ɗebi ruwa su sha. Suka kwance batirin, suka ɗauki talabijin, suka shiga ɗakina suka fito da keken ɗinkin mahaifiyata. Ƙarar keken nan ya gane da suka ja shi a kan siminti. Ya miƙe ya lalubo rigar ɗayansu ya riƙe. Suka ture shi, ya faɗi a kan dakali, hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu. Maƙwabciyarmu Hajiya Hauwa'u, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ita ta same shi a ƙasa da ta kawo masa abincin rana, don tun rasuwar mahaifiyata takan zuba masa daga tukunyarta. Ita ta tsai da ɗan kabu-kabu, ita ta kai shi aka ɗaure hannun, sannan ta kira ni. Ina riƙe da jariri a hannuna wayar ta shigo. Ban san yadda na tuƙo moto na iso gari ba ran nan.

Na je komisariya wurin 'yan sanda na ba da bayani. Har yau shiru. Ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Abin da ya biyo baya ne.

Yayana Ibrahim yana Yamai da iyalinsa. Ya kira ni, ko sannu bai gama yi mini ba ya fara zayyana abin da ya yanke: a sayar da gidan, Baba ya koma wurinsa, ni kuma in nemi ɗaki a ƙauyen da nake aiki tunda aikin ya fi mini uba. Haka ya faɗa. Mutumin da sai Kirsimeti yake zuwa, ya kwana biyu ya ɗauki hoto ya koma. Ni da nake yanke wa Baba farce, nake ɗiga masa maganin ido safe da yamma, ni ce aiki ya fi mini uba. Na gaya masa gidan nan ba za a sayar ba ina da rai. A Yamai wane bango Baba zai dafa ya gane inda yake? Su zaunar da shi a ɗaki mai tayil, a kunna masa fanka, ya jira mutuwa. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

A majami'a ma haka. Bayan sujada mata suka kewaye ni suna jaje, kowace jajenta ya ƙare a wuri guda, wai da akwai namiji a gidan da hakan ba ta faru ba. Da na ce kare zan nema, wata babba a cikinsu ta ce kare ba miji ba ne. Na ce mata na sani, shi ya sa nake son kare. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata da kyau.

To, na fara cigiya. Akwai Habibu, Bakano ne mai shagon kayan waya a Zango. Ya nuna mini bidiyo a wayarsa na 'yan kwikwiyon karen nan na Jamus, wanda ake ce wa barje alman, irin na jandarmomi, ya ce in ina so a sako mini ɗaya a motar Kano. Ya ce idan ya girma ko soja ba zai tsaya a ƙofata ba. Idris, direban motar marasa lafiyarmu, ya ce in bar wannan, in nemi baƙin nan mai ƙaton kai, rotwaila, wanda in ya kama ba ya saki. Wani kuma ya ce karen Buzaye, dogon nan siriri, shi ya fi kowane kishin gida. Sai Malam Ari, wani mai lambu daga Gidimuni da ke kawo dabino kasuwa, ya ji labarin a wurin Baba, ya ce yana da kare a lambunsa, ɗan gida, ja mai farin ƙirji, ya kai shekara biyu, in ina so in zo in ɗauka kyauta. Na yi masa godiya, amma Tanti, gaskiya raina bai so ba. Irin karen da yara ke jifa a bakin bola? Ni so nake wanda ya tura mahaifina ƙasa, in ya sake biyowa ta layinmu, ya ji murya daga bayan ƙofa ya juya da gudu. So nake duk unguwa ta san gidan Mushe Ishaya bai zama kango ba don mace ce ke riƙe da shi.

Sai ga maganar Hajiya Hauwa'u. Da ta ji, ta shigo ta same ni ina wanki, ta ce in na kawo kare ita ba za ta ƙara shigowa ba. Ta ce ba ta iya zama inda kare zai shafi zanenta tana da alwala, kuma tun tana yarinya wani ya taɓa yagar mata ƙafa, har ta ɗaga zane ta nuna mini tabon. Ni kuma a lokacin zuciyata a wuya take. Na ce mata gida gidanmu ne, ƙafa kuma tata ce. Ta tsaya ta dube ni, ta fita. Tun ranar ba ta shigo ba, ko da yake karen ma bai zo ba tukuna. Abincin dai ba ta fasa ba, ta kan katanga take kiran Baba ta miƙo masa kwano, shi kuma ya karɓa da hannun hagu. Ban ce na kyauta ba, amma ban ga dalilin da zai sa tsoron wata ya hana ni tsare ubana ba.

Baba kuwa tun abin nan ya daina zama a ƙofar gida da yamma, ya daina kunna rediyo. Da an taɓa ƙofa sai in ga ya zabura. Na rasa me zan yi in dawo da shi yadda yake.

Ba zan bar aikina ba, matan ƙauyukan nan ba su da wata. Ba zan bar gidan ba. Kare kuma sai na ajiye, ko duk unguwa za ta daina gaishe ni. Ki gaya mini wanne zan ɗauka a cikin huɗun nan, da yadda zan riƙe shi ga irin aikina. Shi ke nan abin da nake nema.

'Yar Mushe, daga Damagaram

*

Ƙanwata 'Yar Mushe, sannu da wannan abu, Allah ya ba Baba lafiya ya haɗa ƙashin da sauri. Kwantar da hankalinki, ba zan ce ki yi aure ba, ba zan ce ki bar aiki ba. Gidan ma ina bayanki. Makahon da ya san gidansa yana da rabin ido, a ɗauke shi daga can kuwa an ƙarasa makantar da shi. Ki tsaya a kan wannan, kada ki matsa. Kare kuma ki ajiye, ba laifi ba ne. To amma tunda kin ce in amsa abin da kika tambaya, ga amsar, sai dai ba lalle ta yi miki daɗi duka ba.

Babu irin karen da zai yini shi kaɗai, a ɗaure, daga asuba zuwa magariba, ya zauna da hankalinsa. Ko wanne ne, sai dai ya lalace ya koma kwanciya, ko ya zama mugu mai cizon kowa. Sa'arki ɗaya, gidanki ba kango ba ne da rana, akwai mutum a ciki. Saboda haka karen da za ki zaɓa ba naki ba ne, na Baba ne. Shi zai yini da shi. Da wannan ma'aunin za ki auna duka huɗun: wanne ne tsoho mara gani, mai karyayyen hannu, zai iya da shi?

Ki manta da kwikwiyon Habibu. Kwikwiyo jariri ne, ke kin fi ni sanin jariri. Sai an ba shi abinci sau da yawa a yini, an goge kashinsa, an koya masa komai, kuma sai ya kusa shekara kafin ya san me ake kira gadi. Kafin nan yana tsakanin ƙafafun Baba yana neman kayar da shi. In ya girma kuma, karen Jamus mai gashi biyu ne, na ƙasar sanyi. Ki tuna zafin Afirilu da Mayu a tsakar gidan siminti. Kaska tana kama shi sosai, cikinsa ba ya son kowane abinci, kuma kare ne mai son aiki, in bai samu ba sai ya huce a kan ƙofa da tabarma. Na kuma sha ganin waɗanda suka sayi kwikwiyo daga bidiyo, aka kawo musu wani abu dabam, ko ya mutu da gudawar jini tun bai saba da gida ba.

Na Idris ya fi wannan haɗari. Kare ne mai nauyin babban yaro, tsallen murna kaɗai zai yi wa Baba a koma wurin mai ɗori. Irin wannan sai a hannun wanda yake tare da shi kullum yana horar da shi. Ran da aka manta ƙofa a buɗe ya kama ɗan maƙwabta, ba ɓarawo za ki tsorata ba, ke za ki kwana a komisariya, kuma ranar ce yayanki zai samu hujjar da yake nema. Karen Buzaye kuwa kyakkyawa ne, ya san zafinmu, amma don gudu a fili aka halicce shi. A tsakar gidan birni zai ƙuntata, katangarki kuma ba komai ba ce a wurinsa.

Saura na Malam Ari, wanda kika raina. Shi za ki ɗauka, in ya ci jarrabawa. Karen gida ya san ranarmu, gashinsa gajere, yana cin tuwo da miya da kan kifi da ɗan ƙashin mahauta ya ƙoshi, ba ya yawan ciwo. Mai shekara biyu ya wuce ƙuruciya, halinsa ya riga ya fito, abin da kika gani shi za ki samu. Game da tsoratarwa kuwa, waɗanda suka shigo muku ba da ƙarfi suka shigo ba, da ƙarya da shiru suka shigo. Irinsu ba haƙori suke tsoro ba, hayaniya suke tsoro. Karen da ya saba gadin lambu zai tara musu layi guda da haushi tun suna bakin ƙofa.

Ranar hutunki ki je Gidimuni da kanki. Ki zauna a lambun ki lura da shi. Yaya yake da yara da tsofaffi? In aka taɓa shi yana cin abinci, me yake yi? In Malam Ari ya ce masa bari, yana bari? In mai zabura ne ko mai gurnani ba dalili, ki yi godiya ki dawo, a nemo wani irinsa. In ya yi, kafin ya shiga gidanki ki biya da shi wurin likitan dabbobi, a yi masa allurar haukan kare, a ba shi maganin tsutsa da na kaska, ki kuma tambaya a fiɗiye shi don ya rage son yawo. Allurar nan ki riƙa sabunta ta yadda likitan ya ce, takardarta kuma ki adana.

Ki nemi konje, wato hutun aiki, na sati ɗaya ko biyu lokacin da za ki kawo shi. Kare ne da ya saba da fili, kwanakin farko zai yi kuka, zai nemi hanyar komawa. A waɗannan kwanakin ki bar Baba ya riƙa ba shi abinci da hannunsa, shi ya raɗa masa suna, don ya san wa yake bi. Kada ki ɗaure shi da sarƙa ya yini. Ki kewaye masa wani lungu mai inuwa da waya, da ƙofar da Baba zai iya rufewa da lalube, ki ajiye masa ruwa a kasko mai nauyi wanda ba zai kife ba. Ki rataya masa ƙaramar ƙararrawa a wuya don Baba ya riƙa jin inda yake, kada ya yi tuntuɓe da shi. Da safe kafin ki hau moto, da yamma in kin dawo, ki zaga da shi a igiya ko kaɗan ne. In kin san ba za ki iya wannan ba ranar da kika dawo a gajiye, to ki sake tunani tun yanzu, don rai ne za ki ɗauko, ba kwaɗon ƙofa ba.

Kuma kare ba zai hana Baba buɗe wa mai daɗin baki ƙofa ba. Ki sa a yi wa ƙofar sarƙa ta ciki, ku kuma yi yarjejeniya cewa ba mai gyaran da zai shiga sai ya ji daga bakinki a waya. Wannan aikin da ƙara wa katanga tsawo ki ɗora wa Ibrahim. Maganarsa ta yi muni, amma ki duba, mutumin da ke nesa ya ji an ture ubansa, tsoro da kunya ne suka fito masa a matsayin faɗa. Ki ba shi abin da zai yi da hannunsa, zai rage yanke hukunci da baki.

Yanzu abin da ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa. Ranar da abin ya faru, wa ya ɗaga Baba daga ƙasa? Kare zai yi haushi, amma ba zai tsai da kabu-kabu ba, ba zai kira ki a waya ba. Babban tsaron gidanki Hajiya Hauwa'u ce, kuma kina shirin musanya ta da dabba. Matar nan ba ta ce kada ki ajiye kare ba, ta gaya miki iyakarta ne, har ta nuna miki tabonta. Kika ba ta amsar da ta dace da Ibrahim. Duk da haka ba ta bar tsohon da yunwa ba. Ki shiga gidanta da ƙafarki, ba ta kan katanga ba, ki ba ta haƙuri ba tare da kin kawo dalili ba. Sannan ki nuna mata lungun da za a kewaye, ki tabbatar mata duk lokacin da ta yi sallama za a rufe karen kafin ta shigo, kwanonsa dabam, ba ya zuwa kusa da randa ko tabarmar da take zama. Musulmi da yawa suna ajiye karen gadi a kan irin wannan tsari, ita ma ta sani. In ta ga an girmama tsoronta, ina kyautata zaton za ta dawo.

Abu na ƙarshe. Na karanta takardarki har sau biyu, na ji ra'ayin yayanki, na matan majami'a, na Habibu, na Idris, ban ji na Baba ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsaye gaban aji, yanzu kowa na yanke abin da za a yi da shi a kan kansa, har ke mai ƙaunarsa. Wataƙila shirun nasa ba na tsoro ba ne kaɗai. Yau in kin koma, ki zauna kusa da shi ki tambaye shi ko yana son kare, ki kuma yi shiru har ya gama magana. In ya ce e, ki ɗauke shi ku tafi Gidimuni tare, ya shafa kan karen da hannunsa, shi ya ce a taho da shi.

Allah ya ƙara miki ƙarfi a kan hanyar Garagumsa, ya tsare gidanku, ya sa matan da kike karɓar haihuwarsu su sauka lafiya. Ki gaishe mini da Mushe.

Tanti Ilham